Ɗaya Cikin Huɗu

Agege, Legas
Oktoba, 1991

Ƙanwata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya karatu, ya zafin Gwagwalada da ake ta ba mu labari? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Inna Umma ce ta aiko mini da adireshinki ta hannun wani direban shanu, ta ce kin shiga jami'a kina karanta ƙididdiga. Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki. Yarinyar da na goya a Malumfashi tana jiƙa mini zane, yau ita ce za ta zauna ta lissafa mutanen ƙasa. Ko da yake sai an hau kakanni biyu kafin a haɗa ni da ke, wallahi na ji daɗi kamar ni na haife ki.

Labarin farko shi ne muna nan tafe. Ma'aikatar su Malam za ta koma Abuja kafin shekara ta ƙare, tun yanzu ana ɗaure takardu da igiya ana lodawa a manyan motoci. Matan ma'aikata wasu har kuka suke yi, wai za a kai su daji. Ni ban ƙi ba, abu ɗaya ne yake riƙe mini ƙafa, kabarin yaron nan da zan bari a nan.

Na biyu kuma, ki riƙe a cikinki. Ina da shigar ciki, wata uku ke nan. Rabona da barcin kirki tun ranar da na tabbatar. Kin san sikila ce ta ɗauke mini ɗan fari yana shekara biyu, kuma ba mu san sunan ciwon ba sai da ya ci ƙarfinsa. A lokacin aka auna jinina da na Malam, likita ya ce dukanmu muna ɗauke da irin, ya kuma faɗi wata magana, wai ɗaya cikin huɗu. Ina cikin kuka ban tambaye shi ma'anarta ba, kuma shekara biyu ke nan tana yi mini yawo a kai. Tunda lissafi ne aikinki, ki warware mini. Kada ki yi mini turancin jami'a, ki faɗa mini yadda za ki faɗa wa Inna Umma.

Yayarki,
Lantana

Jami'ar Abuja, Gwagwalada
Nuwamba, 1991

Yaya Lantana,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ofishin wasiƙu, na sake karantawa a ɗaki. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Yaya Badaru. Allah ya jiƙan Hafizu, ya sa mai ceto ne, wannan kuma Allah ya raba lafiya. Maganar zane kuwa ban yarda ba sai kin kawo shaida. Zafi akwai shi, har alli ma gumi yake yi.

Tambayarki ta zo a kan gaɓa, don darasin da muke ciki ke nan, ilimin yiwuwa, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi. Mai koya mana Dakta Ishaya ne, wani gajeren mutum ɗan Kudancin Kaduna da ke zuwa a kan tsohuwar Basfa. Yaya, ban taɓa ganin malami irinsa ba. Ranar farko bai taɓa allo ba, kwabo ya fito da shi daga aljihu ya ce kafin ya cilla mu faɗa masa dukkan abin da zai iya faruwa. Muka ce gaba ko baya. Ya ce to kun yi rabin aikin, duk tambayar yiwuwa daga nan take farawa, ka jera abubuwan da za su iya faruwa, sannan ka ga nawa ne daga ciki abin da kake tambaya. Wani ɗalibi ya ce wannan ba duba ba ne? Bai ji haushi ba. Ya ce mai duba cewa yake ya san gobe, mu kuwa rashin saninmu muke aunawa, sanin gobe na Allah ne. Tun daga ranar nake zama a layin gaba.

Na kai masa tambayarki bayan lacca, ban faɗi ko wace ce ba. Ga yadda abin yake. Ke kina da iri biyu a jininki, ɗaya lafiyayye ɗaya na sikila. Yaya Badaru ma haka. Jariri yakan ɗauki ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Hanyoyi huɗu ke nan: lafiyayye da lafiyayye, naki lafiyayye nasa na sikila, naki na sikila nasa lafiyayye, ko kuma na sikila duka biyu. Ta ƙarshen nan ce kawai take kawo ciwon. Biyun tsakiya kamar ku suke, suna ɗauke da irin amma lafiyarsu ƙalau. Ashe likita gaskiya ya faɗa, a cikin huɗu ɗaya ne ke zuwa da ciwon, uku su tsira.

Ki kwantar da hankalinki ki riƙa cin abinci. Ki sanar da ni ranar da za ku iso, in zo in taya ki jera kaya.

Ƙanwarki,
Juwairiyya

Agege, Legas
Farkon Disamba, 1991

Farfesa Juwairiyya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gidan dai ya zama kamar tasha, ko tabarmar zama an naɗe. A kan akwati nake rubuta miki.

Allah ya yi miki albarka, ya yi wa malamin nan naki. Takardarki ta sauke mini dutse daga ƙirji. Na karanta wurin nan da kika ce ɗaya ke zuwa da ciwon uku su tsira, sai na ajiye ta na yi sujada. Ashe namu ɗayan ya riga ya zo ya tafi. Yaron nan ya ɗauke wa ƙannensa, uku masu zuwa sun kuɓuta, kamar adashi, wanda ya kwasa ba ya sake kwasa sai an zagayo. Na faɗa wa Malam, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ranar Juma'a na yi waina na rabar sadaka. Tun ranar nake barci har da minshari, in ji shi.

Kin ma raba mana wata gardama. An ba Malam zaɓin gida biyu a Abuja. Ɗaya a Garki, ɗaki da falo a saman bene, asibiti na kallonsa. Ɗaya a Kubwa, ɗaki uku da fili a baya, amma da nisa da gari, kuma an ce hanyar sai a hankali. Da na dage sai na kusa da asibiti, saboda abin da na gani a baya. Yanzu me zan yi da asibiti? Na ce ya karɓi na Kubwa. Zan yi kiwon kaji, in shuka yakuwa da kuɓewa, yaro ya samu inda zai yi rarrafe ba a saman bene ba.

Ban san lambar gidan ba tukuna. In mun natsu zan aiko miki.

Yayarki mai alfahari da ke,
Lantana

Gwagwalada
Janairu, 1992

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun iso lafiya, ya baƙunta, ya jikin naki? Wannan ce takarda ta biyu da na rubuta miki kan magana ɗaya. Ta farko na aika Agege a ranar da taki ta zo, ashe kun riga kun taso, ban san hannun wanda ta faɗa ba. Na jira lambar gida shiru. Yau na hau mota zuwa cikin gari in nemi ofishin Yaya Badaru, in na same shi a hannunsa zan ba da wannan a rufe, don ba zan iya faɗa masa da baki ba.

Yaya, ba haka lissafin yake ba. Na fi son ki ji haushina da in bar ki a kan abin da ba shi ne ba.

Ɗaya cikin huɗu ba layi ba ne da ake bi. Kowane ciki daga farko yake farawa. A makon da takardarki ta zo, Dakta Ishaya ya cilla kwabo a aji ya faɗi ta gaba sau biyar a jere. Ya tambaye mu na shida fa? Kusan duk ajin muka ce baya, ai lokacinsa ya yi. Ya ɗaga kwabon ya ce, wannan ƙarfen bai san abin da ya yi ɗazu ba, ku ne kuka sani. Na shida rabi da rabi ne, kamar na farko. Ya ce irin waɗannan abubuwa, na baya ba ya taɓa na gaba. Ina zaune takardarki na cikin jakata, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ki gwada da hannunki. Ki samu jaka biyu, ɗaya taki ɗaya ta Yaya Badaru. Kowacce ki sa ƙwayar farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Ki rufe ido ki zaro ɗaya daga nan, ɗaya daga can. In ja da ja suka fito, sikila ke nan. Sai ki mayar da kowanne jakarsa, ki girgiza, ki sake. Mayarwar nan ita ce maganar duka. Jininki bai ragu da komai ba don Hafizu ya ɗauka, irin yana nan a jikinki, yana nan a jikin mahaifinsa. In kika yi sau ɗari, ja da ja za su fito kusan sau ashirin da biyar, a nan ne ɗaya cikin huɗu yake bayyana. Amma a gida ɗaya mai 'ya'ya huɗu, ana iya samun babu ko ɗaya, ana iya samun biyu a jere.

Cikin nan naki, uku cikin huɗu lafiya, ɗaya cikin huɗu ciwo. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ina roƙon Allah ya sa yana cikin ukun.

Ki yafe mini barcin da zan hana ki.

Juwairiyya

Kubwa, Abuja
Maris, 1992, cikin azumi

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Ya ibada, ya ƙishirwa? Muna lafiya, ciki ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura kamar na giwa. Na san kin ƙosa da shiruna, kuma da gangan na yi.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsane ki na ɗan lokaci. Na ce yarinyar nan ta ba ni abu da hannun dama ta ƙwace da na hagu. Abin da ya fi yi mini zafi ba tsoron ba ne. Na riga na saba da tunanin cewa yaron nan bai tafi a banza ba, ya tare wa ƙannensa ne, sai ga ki kin ce bai tare wa kowa komai ba. Malam ya karanta ya ce a bar maganar, Allah ne mai yi. Na ce haka ne, na cusa takardar ƙarƙashin katifa.

Azumi ya kama, ina tsintar waken ƙosai da rana, sai ga ja da fari a faranti suna kallona. Na ce bari in ƙaryata Farfesa. Na ɗauko safar Malam guda biyu na yi jakunkuna da su. Na yi ta zarowa ina mayarwa har la'asar ta kusa wuce ni. Wani lokaci ja da ja su ɓace har in fara murna, can sai su fito, in mayar, in girgiza, su sake fitowa nan take. Sau ɗaya har uku a jere. Na zauna da wake biyu a tafin hannu na yi kukan da ban yi ba tun Legas. Da na gama na wanke fuskata na dafa abin buɗa baki.

Bayan an sha ruwa na ajiye wa Malam safar a gabansa na ce ya zara. Ya ce wasan yara zan sa shi? Na ce ya dai zara. Ya yi ta yi, ni ina mayarwa. Da ja da ja suka fito masa sau biyu a jere sai ya ture safar ya tashi ya yi alwala. Da safe ya tambaye ni me nake so a yi. Na ce gidan Garki.

An riga an ba wani abokin aikinsa, Manniru, mai 'ya'ya biyar a ɗaki da falo. Da Malam ya yi masa tayin musanya, sai da ya tambaya sau biyu ko lafiya. Ogansu ya sa hannu, bayan salla za mu koma. Maƙwabta suna ta yi mini kallon mai taɓin hankali, mace ta bar ɗaki uku da fili ta hau bene da tsohon ciki. Kajina takwas na bar wa matar Manniru, yakuwar ma ta fara fitowa.

Na kuma je asibitin na samu wata nas, Sista Christina, na ce ta koya mini duk alamun ciwon a jikin jariri tun daga farkonsu. Ta zaunar da ni ta yi mini dalla-dalla, har da yadda ake taɓa cikin yaro a ji ko saifa ta kumbura.

Uku cikin huɗu ma ba kaɗan ba ne, da shi nake kwana. Ki zo suna, kada ki ce kunyata kike ji.

Yayarki,
Lantana

Malumfashi
Yuli, 1992

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ya ɗana Zakariyya? Ki shafa mini kansa. Yajin aikin malamai ya maido mu gida, ba mu san ranar komawa ba. Inna Umma tana gaishe ki, ta sa na ba ta labarin suna ya fi sau goma.

Akwai abin da ban iya faɗa miki ba a ranar, mutane sun yi yawa. Na hau benen nan naku ina haki, na ga bokitan da ake jido ruwa da su daga ƙasa in famfo ya ɗauke, na ga gadonki da ya cinye ɗakin har ƙofa ba ta buɗewa duka. Kina tsaye a taga da jariri a kafaɗa kina nuna mini rufin asibiti kamar wadda take nuna gonarta. Yaya, mu a aji mun fi sittin, mun ci jarrabawar yiwuwa, amma ban san ko mutum ɗaya a cikinmu da zai bar ɗaki uku saboda ɗaya cikin huɗu ba. Na ba Dakta Ishaya labarin safa da wake kafin mu taso. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a gaishe ki, ya ce shekara goma sha biyu yana koyar da darasin nan bai taɓa samun ɗalibin da ya biya kuɗin fahimtarsa da gida ba.

A nan kuwa surutu ake yi. Waɗanda suka je suna sun dawo suna cewa yaro ɓul-ɓul da shi, jajir, ke ce dai da neman wahala, boko ya sa kin yi asarar gida. Addu'ata kullum ita ce su ne za su yi gaskiya, a yi ta yi miki dariya har ki tsufa.

An auna jininsa kuwa? Ki sanar da ni.

Ƙanwarki,
Juwairiyya

Garki, Abuja
Nuwamba, 1992

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na ji kun koma makaranta, Allah ya ba da sa'a. Ban amsa takardarki da wuri ba don ba ni da abin faɗa, an ce awon ba ya nunawa sosai sai jariri ya haura wata shida. Yanzu ina da shi. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki fara da sanin cewa yana nan da ransa, yana kan cinyata yana jan takardar nan.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi ina yi masa wanka, na kama hannunsa na hagu ya tsandara kuka. Na duba, bayan hannun ya ɗan tasa, kaɗan ne, in ba uwa ba ba mai lura. Jikinsa da ɗumi. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce haƙori ne, ko sauro ya cije shi, a shafa man zafi. Ban ko tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba. Na goya shi da ruwan wankan a jikinsa, na sauka bene, na tsallaka titi. Kafin Malam ya iso daga ofis har an sa masa ruwa an fara allura.

Sikila ce, Juwairiyya. Ja da ja.

Kwananmu huɗu aka sallame mu. An ce zazzaɓi ne ya taso da ita, kuma da an bar shi ya kwana biyu a gida ana shafe-shafe, da labarin ya canza. An rubuta mana magungunan da zai riƙa sha kullum, an ba mu ranar dawowa duk wata. Malam ya rame a kwana huɗun nan, amma shi ne yake haddace sunayen magani yana yi mini bita. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Sai dai wannan karon na san sunan abin da ke gabana tun ranar farko, kuma ƙafata ta kai ni inda ya kamata.

Kada ki kuskura ki ce bakinki ne. Na san halinki, za ki ƙule a ɗaki ki ƙi zuwa. Ki zo ranar Asabar, ki taho mini da doya daga kasuwarku, an ce ta fi araha a can.

Likitan da ya duba shi wani saurayi ne mai Hausar Abuja, ka da ki duk ɗaya ne a bakinsa. Ya juya hannun yaron ya sake juyawa, ya dube ni ya ce, "Madam, wannan kumburi ko ni sai na duba sau biyu. Yaya ka yi ka gane da wuri haka?"

Na ce masa, "Likita, ba ganewa na yi ba. Wata bakwai ke nan kullum da safe ina duba hannun nan."

Yayarki,
Lantana